Fis ɗin da Ba Ya Mutuwa

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A ƙofar masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har a gona mutum zai dogara da fartanyarsa ya ƙwala mini kira, wai Injiniya ina tsaraba. Wasu labarin suke so da gaske, wasu kuwa tsokana ce zalla, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya. Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in yi nomana. Sai dai in faɗa tun yanzu, rabin abin da na gani a can har yau ban gane kansa ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sule, ni ne mai gyaran wuta a Kukar Bako, ƙauyenmu da ke ƙasar Kunci. Injiniyan nan da ake kirana na baki ne kawai. Wayarin gida na koya a hannu a Kano, na dawo da filaya da tasta da tsani, shi ke nan na zama masanin wuta na gari. Taransifoma ɗaya gare mu, kuma a kanta komai ya rataya: injin niƙa, da injin da ke tura ruwan burtsatse zuwa tanki. A shekarun nan na tsada ba mai iya sayen man janareta, rijiyoyi kuma sun ja baya. Maƙwabtanmu tasu ta ƙone, damina biyu ke nan matansu suna zuwa wurinmu da jarkoki.

To, a akwatin da ke gindin taransifomar akwai fis, wata 'yar siririyar waya da wuta ke bi ta cikinta kafin ta shiga gari. Na layin unguwar famfo shi ya hana ni sakat. Duk ranar da aka yi iska sai ya tsinke, rabin gari ya yi duhu, a zo a tsaya mini a ƙofar gida kamar ni na ɗauke. In sa sabo, bayan kwana biyu ya sake mutuwa. Rannan zuciya ta ɗebe ni, na samo jar waya mai kauri, na ninka ta huɗu na murɗe, na ɗaura a gurbinsa. Tun daga ranar bai sake mutuwa ba. Dagaci da kansa ya sa mini albarka a gaban jama'a, ni kuwa har tafiyata ta canja.

Abu biyu suka biyo baya, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Na farko, akwatin ya soma ƙauri, taransifomar kuma tana wani gurnani da ban san ta da shi ba. Na biyu, famfo ya fara cizo. Matata Asabe ce ta fara faɗa, don ita ce kullum ke riga kowa ɗiban ruwa bayan sallar asuba. Ta ce in ta kama kan famfon wani abu yana fizgar ta har gwiwar hannu. Na je da rana tsaka na ɗora tasta, ban ga komai ba. Na ce mata ba komai, jikinta ne, sanyi ne ya kama mata jijiya. Da sauran mata suka fara ji, sai aka ce mutanen ɓoye ne suka tare a gindin tanki, Liman ya je ya yi tofi. Matan kuma suka fito da dabararsu: kowacce ta naɗe hannu da busasshen tsumma kafin ta taɓa. Asabe har wani tsohon ɗankwali ta ware don wannan aikin. Ku riƙe zancen famfon nan, don ni ban riƙe shi ba.

Ƙaurin akwatin ne ya dame mu mu maza, kowa yana tsoron kada tamu ma ta ƙone. Ana cikin haka Alhaji Ɗan'azumi, mai kai wake Nijar, ya faɗa a majalisa cewa da idonsa ya gani a Damagaram: wuta ta ɗauke, kafin ya gama salati ta dawo da kanta, ba wanda ya hau tsani. Wai can suna da fis ɗan Faransa, in ya faɗi da kansa yake tashi, ba ya zafi, ba ya mutuwa. Dagaci ya juyo ya dube ni. Kowa ya san ina da ɗan kawu a can, Isufu, direba ne a tashar rarraba wuta. Aka haɗa mini guzuri. Na ɗauki buhu babu komai a ciki don in zubo fis ɗin, na kuma sa ragowar murɗaɗɗiyar wayata a aljihu don in nuna musu kaurin da muke so. Lokacin damina ta kusa, kullum da la'asar hadari yana leƙowa daga gabas ya koma.

Babur na hau zuwa Kunci, bas zuwa Ɗambatta, a can na shiga ta Daura. An cusa mu har mutum ba ya iya sosa kunnensa, direba kuma yana kashe inji a duk gangara don ya yi tsimin mai. Wani tsoho da ke gefena ya ji an kira ni a waya an ce Injiniya, sai ya zaro rediyo daga cikin riga ya ɗora mini a cinya, wai ta daina magana. Tun daga Kazaure nake kwance ta ina neman cutar, sukurori suna zubewa ƙarƙashin ƙafafun mutane. Sai dab da Daura ya tuna ya cire batiran ya sa a tocila. Bai ba ni haƙuri ba, cewa ya yi in mayar masa da ita yadda take. Sukuru biyu har yau suna cikin motar nan.

A Kwangwalam, bakin iyaka, jami'anmu suka duba katina suka ce in wuce. Da muka tsallaka sai ga jandarma, dogo, da baƙin tabarau, Hausa a bakinsa garau. Ya tambaye ni me zan je yi. Na ce sayen fis.

Ya cire tabarau, ya ce in maimaita. Na maimaita, har na ƙara masa bayani cewa namu na gida mutuwa suke yi, ba sa kwana uku, shi ya sa gari ya turo ni in samo na nan, an ce su ba sa mutuwa. Ya dubi buhun da ke hammatata.

"A cikin wanga za ka sa shi?"

"In ƙarami ne. In babba ne sai a ɗaure a saman mota."

Ban ankara ba sai ga ni zaune a benci a cikin ofis, an ƙwace buhu, mutum uku suna zuba Faransanci a kaina. Na yi ta tunanin ko an hana fitar da kayan wuta ne, ko buhun ne ba a so. Motarmu ta tafi ta bar ni, azahar ta yi ta wuce. Wata Hajiya mai safarar atamfa, wadda ta san bakin kowane ɓangare, ita ta cece ni. Ta tambaye ni wane irin fis, na fito da guntun waya na nuna mata. Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ashe a Faransanci fis ɗa ne, ɗa namiji. Wato na tsaya a gaban hukuma da buhu na ce na zo sayen yaro. Namu fis ɗin su fizibil suke ce masa. Jandarman ya miƙo mini buhuna yana share hawaye, ya ce sauka lahiya, Mushe Sule. Na juyo a fusace, Hajiya ta yi sauri ta tare ni, ta ce a nan girmamawa ce, malamin makaranta ma mushe ake ce masa. Na haɗiye, amma a raina na ce ƙasar da ake kiran mutum mushe yana tsaye da ƙafafunsa sai an yi hattara.

Ta Matamai muka bi, muka shiga Damagaram dab da magariba. Isufu abokin wasana ne, saboda haka kuskuren da na yi shi ne ba shi labarin iyaka. Kafin in wanke ƙafa duk layinsu sun san mai sayen 'ya'ya ya sauka. A zaure aka sauke ni, amma zafi ya sa aka fito mini da gado tsakar gida, don su haka suke kwana. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa sai da ya yanke mini dasashi. Fura kuwa sun fi mu, ban ja ba. Shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna sau uku ake zagayowa da shi, na ce na ƙoshi a na biyu, aka kalle ni kamar na yi zagi. Muna zaune matar Isufu ta ɗaga murya daga madafa ta ce kuran ya zo. Na ɗage ƙafafuna na dubi ƙofa. Wutar lantarki take nufi.

Washegari muka je tashar da safe, aka ce shugaban wurin yana taro, mu jira. Muna jira rana ta take, sai na ga kowa yana kulle ofis, wai an tafi hutun rana sai la'asar. Muka koma, muka sake dawowa. Ni duk zatona shago zan gani, fis jere a kanta in zaɓa. Sai ga fili kewaye da waya, an shimfiɗe shi da tsakuwa, ƙarafa tsaye ko'ina suna ƙugi. Aka sa na cire silifas na sa wani takalmi mai nauyi da hular kwano. Wata gajeriyar mace mai tabarau ta fito, hijabinta a ƙarƙashin tata hular. Na gaishe ta ina leƙen bayanta ko zan ga injiniyan. Isufu ya taka mini ƙafa. Ita ce shugabar, Madam Zainabu.

Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi, akwatunan ƙarfe jere, kowanne da 'yan fitilu. Ta fara bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Layin da ke fita daga tasha ya nufi garuruwa, wanda mu muke ce wa fida, su depar suke cewa. Matsala kuma pan. Akwai rele, akwai dizonta. Ina ta gyaɗa kai ina cewa haka ne, alhali ko ɗaya bai shiga ba. Ta lura. Ta ajiye biro ta tambaye ni ko garinmu akwai mai unguwa. Na ce har da dagaci, hakimi yana Kunci.

Ta ce to haka wuta take. Kowane layi akwai masu gadinsa. Wani abu yana auna yawan wutar da ke wucewa, rele yana yanke hukunci in ta yi yawa ko ta sulale ta bi ƙasa, dizonta kuma shi ne ƙaƙƙarfan da ke raba layin. In rigima ta tashi, wanda ya fi kusa da ita shi ya kamata ya fara kashe ta. Fis ɗin ƙauye shi ne mai unguwa, in ya yi aikinsa unguwa ɗaya ce za ta yi duhu. In bai yi ba, na gaba da shi ya ɗan jira sannan ya yanke, har a zo kan tasha, wadda in ta yanke garuruwa ne za su yi duhu. Wai har jiran ma lissafa shi ake yi, ƙiftawar ido ɗaya an raba ta kashi-kashi. Nan na sake ɓacewa. Ni a sanina aikin mai wuta shi ne ya hana wuta ɗaukewa, ga mutane an ba su ɗaki mai sanyi suna nazarin yadda za su ɗauke ta da sauri.

Muna cikin haka wani abu ya buga a waje, gwaram, ƙararrawa ta ɗauka. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin tebur ba, hular kwano ta gangara ta tafi abinta. Madam ko gezau, tana kallon wata jar fitila. Can aka sake bugawa, fitilar ta koma yadda take. Ta ce wataƙila reshe ne ya taɓa waya ya saki, ko tsuntsu. Dizonta ya raba layin, ya ɗan jira, ya gwada mayarwa, ya ga lahiya. Na fito ina kakkaɓe gwiwa na ce wallahi shi ne, shi ne fis ɗin Alhaji Ɗan'azumi, a nuna mini. Ta taga ta nuna mini shi. Ya fi rumbun gidanmu tsawo. Isufu ya karɓi buhuna ya buɗe bakinsa, ya ce in riƙe da kyau, shi zai cicciɓo.

Na tambaya in ya mayar ya tarar abin yana nan fa. Ta ce sai ya sake faɗuwa, kuma daga nan ba ya tashi, sai mutane sun bi layin da ƙafa sun gano abin da ya kayar da shi. Na ji wani iri a raina amma ban san dalili ba. Na zaro guntun wayata na miƙa mata da alfahari, na ce mu kam mun yi maganin faɗuwa tuntuni. Ta juya ta a hannu, ta tambaye ni yaushe na da yake mutuwa. Na ce ranar iska. Ta ce ko na taɓa bin layin na duba. Na ce layi lafiyarsa ƙalau, fis ɗin zamani ne ba ƙarko. Ta ajiye wayar a kan tebur.

Aka kawo shayi. Don in wanke kunyar shiga ƙarƙashin tebur, na ce bari in ba su dariya da labarin matan garinmu da famfonsu mai aljanu. Na kwaikwayi yadda suke naɗe hannu, da yadda Asabe take tsalle ta yar da bokiti. Na gama ina dariya ni kaɗai. Ko Isufu bai yi ba.

Madam ta ɗaga guntun wayar ta ce, "Yaushe ya fara cizon? Kafin ka sa wannan, ko bayan ka sa?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai na ga na sani. Satin da Dagaci ya sa mini albarka ne.

"Mushe Sule, fis ɗinka ba lalacewa yake yi ba. A wani wuri waya tana taɓa ƙarfen tankin nan, shi kuma yana mutuwa ne don kada ƙarfen ya riƙe wuta. Kai ka hana shi mutuwa. Yanzu ƙasa a bushe take, shi ya sa cizo kawai yake yi. Ranar da aka yi ruwa, mace ta tsaya cikin caɓi ba takalmi, tsumman ya jiƙe, ba cizo zai yi ba."

Na ce ai ita da bakinta ta ce in mai unguwa bai yi ba akwai na gaba.

"Wutar da ke kashe mutum ba ta kai ta kunna ƙwan fitila ɗaya ba. Tasha ba ta jin ta. Wa ke fara ɗiban ruwa?"

Asabe ce ta faɗo mini a rai. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba.

Layina ya mutu tun a iyaka, sai muka kira da wayar Isufu. Ta Asabe a kashe. Ta Dagaci a kashe, ta Alhaji a kashe, ta mai injin niƙa ma haka. Kaina ya kulle. Gari guda ba ya kashe waya sai da dalili, kuma dalili ɗaya ne kawai yake zo mini. Da muka fito gabas ta yi baƙi ƙirin. Madam ta tambaye ni girman taransifomarmu, ta zuba mini fis 'yan sirara a ambulan, ta ce da na isa, kafin in gaisa da kowa, in fara cire abin da na ɗaura. Mota kuma sai da safe.

Da sassafe na kamo hanya. A iyaka jandarman nan ya gane ni, ya tambaya ko na samo ɗan, na kasa ko murmushi. Tun daga Daura ƙasa a jiƙe take, ruwa kwance a gefen titi, mutane sun fito shuka. Duk motar hamdala ake yi, ni kaɗai nake ji kamar in yi kuka. A Ɗambatta aka ce jiya da yamma ruwan ya sauka, ba inda ya bari. Daga Kunci na ce wa mai babur ya yi gudu, ya ce hanya caɓi ce, na ce ya yi dai. Da muka hango gari, ƙofar gidana na fara duba, ko an shimfiɗa tabarmi maza sun zauna. Ba kowa sai akuyarmu.

Ban shiga ba, na wuce gindin taransifoma. Shiru, ba gurnani. Na taɓa akwatin, sanyi ƙalau. Mai injin niƙa ya taso yana masifa, ya ce tun yammacin da na tafi aka ɗauke, iska ta kayar da falwaya wajen Tsanyawa, fida ta faɗi ta ƙi tashi, kwana biyu ke nan, har wayoyin gari duk sun mutu. Yana ta tsine wa masu wuta. Na zauna a ƙasa cikin laka ina sauraronsa. Shekara da shekaru ni ne kan gaba a wannan tsinuwar.

Na sa filaya na cire wayata. Sannan na bi layin da ƙafa, abin da ban taɓa yi ba. Ban yi nisa ba. Wayar da ke kai wuta injin tura ruwa ta bi ta kan ƙarfen ƙafar tanki, iska ta yi ta goga ta har robar ta cinye kamar tsawon yatsa, ƙarfen wurin ya yi baƙi da ƙuna. Ni na ja wayar nan da hannuna lokacin da aka kafa tankin. A ƙasa, gaban famfo, caɓi ne cike da sawun mata ba takalmi, sun ɗebi ragowar ruwan tanki da safe. Na gane na Asabe a ciki, don ƙaramin yatsanta na hagu a karkace yake.

Bayan na gyara, majalisa ta taru a ga tsaraba. Na buɗe ambulan. Alhaji Ɗan'azumi ya ɗaga ɗaya ya ce an cuce ni, ai irin na da ne. Dagaci ya tambaya ko shi wannan ba ya mutuwa. Na ce, "Yana mutuwa, ranka ya daɗe. Aikinsa ke nan." Na so in yi musu bayanin Madam, na kawo misalin mai unguwa, sai mai unguwarmu ya tashi ya kaɗe riga, wai na ce shi ya kamata ya fara mutuwa. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abin da ke cikin ɗakin nan mai sanyi, da yadda ake raba ƙiftawar ido, kada wanda ya sake tambayata, ban sani ba.

Asabe kuwa na zaunar da ita na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da wuta ta dawo na je gaban mata, na cire takalmi, na jiƙa hannu na kama kan famfon na riƙe. Tun daga nan kowacce ta yar da tsummanta.

Jiya bayan asuba na biyo ta wurin za ni gona, na tarar da ita ita kaɗai, ta ajiye bokiti, ta ciro tsohon ɗankwalin nan tana naɗe hannu. Na ce Asabe, ai an gyara, ba komai. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da naɗewa.

"Na ji," in ji ta. "Wancan karon ma haka ka ce."